Taku Uku da Baya

Koci Odell Varnadoe yana durƙushe a tsakiyar fili yana jera robobin alama sai gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara. Ya tsaya a haka, hannu ɗaya a kan ciyawa, yana jiran zafin ya wuce. Bai wuce ba, dole ya miƙe da abinsa.

"Koci, bari in jera maka."

"Kai? Yau? Je ka nemi wuri ka zauna, malam. Ƙafafun nan naka aka zo gani, ba nawa ba."

Quincy Boatwright ya yi dariya, amma bai zauna ba. Tun ƙarfe shida da rabi yake zagaye filin kamar mai neman abin da ya yar. Shekara biyar ke nan yana hannun Odell, kuma a shekara talatin da ɗaya da Odell ya yi yana horar da 'yan layin gaba na ƙungiyar ƙwallon Amurka a Jami'ar Satilla, bai taɓa riƙe kamarsa ba. Ga jiki, ga saurin ƙafa, ga kan da ba a faɗa masa magana sau biyu.

Yau ce ranar gwaji. Sau ɗaya a shekara, cikin Maris, wakilan ƙungiyoyin ƙwararru suke bin jami'o'i suna auna 'yan wasan da suka gama karatu, kafin zaɓen ƙarshen Afrilu. Wanda aka kira sunansa a zaɓen, ƙwallo ta zama sana'arsa. Wanda ba a kira ba, ya kwashe takalmansa ya koma gida. A manyan makarantu wakilan sai sun rasa wurin tsayawa. Mu nan Satilla shida muka samu, su ma biyar ɗin hanya ce ta biyo da su. Na shidan ne ya zo takanas saboda Quincy.

Dalili kuwa kowa a garin nan ya san shi, har mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin ƙofa. Mu ba ma jifan ƙwallo. Tsarin babban kocinmu, Hoyt Lanier, gudu ne da ƙwallo a hannu, daga farkon wasa har ƙarshensa. Aikin 'yan layi biyar ɗin da ke gaba ɗaya ne tal: da jin kira, su fyaɗa gaba, ƙasa-ƙasa, su sare abokin gaba a cinya ya kifa, mai ƙwallo ya wuce. Da haka muke kunyata makarantun da suka fi mu komai da komai. Bara wasa tara muka ci cikin goma sha biyu. Su kuwa ƙwararru jifa suka sa gaba, ɗan layinsu da baya yake takawa, ƙirji a miƙe, hannu a gaba, yana kare mai jifa. Abin da muke koyarwa daban, abin da suke nema daban. Shekara goma sha ɗaya rabon da a zaɓi ɗan layinmu ko ɗaya.

Shi ya sa Quincy ya tafi Atlanta tun watan Janairu, ya yi mako goma a wurin wani mai horarwa yana koyon taku uku da baya. Mako goma, a kan shekara biyar.

"Odell!"

Hoyt ne ke tahowa, hularsa a karkace, kofin gahawa a hannu. Shekararsa sittin da takwas, kuma har yau in ya ga an jefa ƙwallo sama sai ya kawar da kai.

"Matar ta iso. Uwar yaron nan Montrell Stallworth. Tana can bencin 'yan kallo, layi na uku."

"Da yaron?"

"Ita kaɗai. Yana da jarrabawa. Ta ce ba sai an kai ta yawon ganin ɗakin karatu ba, gwajin ta zo kallo." Hoyt ya kurɓi gahawa. "Makarantu uku ke bin sa, kuma duk ukun maganarsu ɗaya: in ta kawo shi nan ta binne shi. Ina son yaron nan, Odell. Je ka yi abin da ka iya."

Odell ya hau matakalan a hankali, yana dafa ƙarfen gefe. Wata ne na furen itatuwan fir, garinsa rawaya ya lulluɓe bencina da motoci, kowa sai atishawa. Madam Lavonne Stallworth ta shimfiɗa jarida ta zauna a kai, jakarta a cinya, ƙunshin gyaɗa a gefe. A masana'antar gyaran kaji take aiki, kuma hutun kwana ɗaya ta ɗauka ta tuƙo awa biyu.

"Madam Stallworth, sannu da hanya. Da kin faɗa mana, da an tanadar miki kujera a inuwa."

"Nan ma ya yi, Koci. Na saba da tsayuwa, balle zama." Ta miƙa masa gyaɗa, ya ɗebi biyu don kada ta ce ya raina. "Ni ba na son dogon zance. Kocin da ya zo gidana wancan makon ya nuna mini takarda, sunayen yaransu bakwai da aka zaɓa cikin shekara biyar. Ku fa?"

"Mu yaranmu suna gama karatu, Madam. Tara cikin goma."

"Na ji, kuma na gode Allah. Amma ba ita na tambaya ba."

Odell ya ɓare gyaɗar, ya duba cikinta kamar amsar na nan. "Ki kalli mai lamba sittin da huɗu," ya ce. "In an tashi sai mu yi magana."

Yana saukowa wani ɗakin girki ya faɗo masa a rai, can cikin dajin katako, shekara shida baya. Tebur mai leda, soyayyar kaza, shayi mai ƙanƙara. Quincy ɗan shekara goma sha bakwai yana zaune ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ubansa, Roscoe Boatwright, direban motar gungume, bai ci komai ba, ya dai kafa wa Odell ido ya yi masa irin tambayar da matar nan ta yi. Odell kuwa ya dafa tebur ya ce, "Mista Boatwright, in yaro ya iya, ko ina yake za su nemo shi." Ya faɗi maganar nan a ɗakunan girki sun fi ɗari biyu. Tun yana yarda da ita har ya daina tsayawa ya saurari kansa in yana faɗa.

Ƙarfe tara aka fara. Yara goma sha ɗaya ne, amma ido yana kan ɗaya. Aka auna tsayi, aka auna tsawon hannu da faɗin tafi, aka ɗora shi a sikeli: laba ɗari uku da huɗu. Ya ƙara ashirin a Atlanta, don namu 'yan layin ba ma barin su yi nauyi. A ɗakin ƙarfe ya ɗaga laba ɗari biyu da ashirin da biyar sau ashirin da tara, ƙannensa na ƙungiya suna ihu kamar za su tsaga rufin. Da aka fito gudun yadi arba'in, wakilai biyu suka dubi agogonsu, suka dubi juna, ɗaya ya ce a sake. Aka sake, ya ƙara sauri.

Odell ya ji wani buri ya motsa masa da ya daɗe bai ji ba. Ya yi maza ya danne shi. Ya san inda gizo ke saƙar.

Sai aka zo gwajin layi. Wanda ya zo saboda Quincy shi ya karɓi filin: Sal Ferrante, kocin layi na wata ƙungiya daga arewa, gajere mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye masa kai. Tun da ya sauka daga mota garin furen ya kama shi. Idonsa ja, hancinsa na zuba, aljihunsa cike da tsumman takarda.

"Yaya kuke rayuwa a nan?" ya tambayi Odell, muryarsa a shaƙe. "Iskar garinku ma sai an tauna."

"In ka shekara talatin za ka saba."

"Allah ya kiyaye." Ya ɗauki ƙaton matashin soso da ake tunkuɗa ya rungume a ƙirji. "Boatwright! Zo nan, ɗana. Na ga wasanninka duka, na san ka iya kayar da mutum. Yau so nake in ga ka hana mutum wucewa. Ni ne mai kawo hari. In na kira, taku uku da baya, ka tare ni."

Quincy ya tsaya, gwiwa a lanƙwashe, hannu a cinya. Ferrante ya kira da 'yar muryar da ta rage masa. Taku ɗaya, biyu, uku, hannuwa suka fita suka daki matashin. Ba laifi. Ƙirjin ya ɗan zube gaba, amma ba laifi. Aka sake ta hagu, ta fi ta farko kyau. Aka sake, Ferrante ya yi kamar zai bi ta waje ya kutso ta ciki, Quincy ya rufe ƙofar. Wakilan suka sunkuya suna rubutu.

"Madalla," in ji Ferrante, sai tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har ya dafa gwiwa. Da ya ɗago, bakinsa na motsi amma sauti ya ƙi fita. Ya yafito Odell, ya ce da raɗa, "Koci, ara mini muryarka. Saura ɗaya. Wannan karon ya sa hannu a ƙasa, in ga yadda yake tashi daga can. Kai ka kira."

Abin da ya fi ci wa Odell rai daga baya shi ne bai yi tunanin komai ba. Ko ɗar bai ji ba. An ce ya kira, kira kuwa aikinsa ne. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa, taku biyu bayan kafaɗar dama. Quincy ya sunkuya ya dasa yatsunsa a ciyawa, yadda ya dasa su kowace yamma tsawon shekara biyar.

"Ƙasa!" Muryar ta cika filin. "Shirya!" Ya tafa hannu. "Tashi!"

Quincy ya tashi, amma gaba ya yi. Laba ɗari uku da huɗu, ƙasa-ƙasa, kafaɗa a gaba, ya shige ƙarƙashin matashin ya sare Ferrante a cinya. Wallahi sara ce mai kyau, irin wadda Odell kan nuna wa sababbi a majigi. Matashin ya yi sama, hular Ferrante ta yi gefe, dattijon ya juya a iska ya sauka da bayansa, tim.

Wani daga cikin ƙananan ya saki dariya, na kusa da shi ya make masa ƙeya. Quincy yana rub da ciki, ya ɗago kai, ya dubi Ferrante, sannan ya waiwayo ya dubi Odell. Ba fushi a idonsa. Mamaki ne kawai, irin na wanda ya farka ya gan shi a tsakar gida.

"Yallaɓai, don Allah, yallaɓai, ban yi niyya ba…"

"Kar ka taɓa ni. Tsaya. Bari in ji ko tana nan." Ferrante ya lallaɓa gwiwarsa, ya furzar da wata ashar da ba za a maimaita ba. Masu jinya suka rugo da ƙanƙara.

Ba wanda ya ce an tashi, amma an tashi. Wakilan nan biyar suka rufe littattafansu, suka gaisa da Hoyt, suka ce akwai wata makarantar da za su kama kafin ƙarfe biyu. Ɗaya ya bubbuga kafaɗar Quincy yana wucewa, ko tsayawa bai yi ba.

Odell ya sami Ferrante a kan benci, ƙafa a miƙe, an ɗaure mata ƙanƙara da leda.

"Laifina ne," ya ce. "Muryata ce. Ka gani da idonka, sau uku ya yi daidai."

"Na gani."

"To a ba shi ɗaya. Wani ya kira. Ni sai in fita daga filin ma gaba ɗaya."

Ferrante ya fyace hanci, ya daɗe yana ninke takardar. Raɗa yake yi, sai da Odell ya sunkuya. "Koci, ni ba na jin haushin yaron. Shekara ashirin ban sha sara mai daɗi irin wannan ba. Amma ka san abin da na zo dubawa ke nan. Ba ko ya iya takun ba, kowa zai iya a Atlanta, cikin inuwa, ba mai hayaniya. Na zo in ga abin da jikinsa zai yi in kansa ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya. Ranar wasa mutum dubu saba'in na ihu, ya gaji, an buge shi a ka. A lokacin wa zai ji? Ni da zan same shi wata huɗu, ko kai?"

Ferrante ya gyara ƙanƙarar, ya ci gaba.

"In ya yi haka a wasan Lahadi, mai jifanmu ne a asibiti, ni kuma ina neman aiki."

"To me za ka rubuta?"

"Abin da na gani. Duka, har da gudun." Ya miƙa hannu, Odell ya ɗaga shi. "Da a ce wata makarantar ya je, da yanzu ba ni kaɗai na zo dominsa ba. Kai ma ka sani."

Ya sani. Ya daɗe da sani, kuma gajiyar da ta sauko masa a wurin ba ta gwiwa ba ce.

A ɗakin sauya kaya Quincy yana zaune shi kaɗai, tawul a wuya, bai ko kwance takalmi ba. Wayarsa na kan benci tana ta kaɗawa. Odell ya hango sunan a fuskarta: Baba. Roscoe bai samu zuwa ba, yana da lodi uku da zai kai injin yanka katako, amma ya san ƙarfe nawa ake tashi. Wayar ta yi shiru, ta sake somawa.

"Ba za ka ɗauka ba?"

"Sai ya sauke lodi. Kar in faɗa masa yana tuƙi."

Odell ya zauna kusa da shi, bencin ya yi ƙara. "Quincy, da na yi hankali da na ce wani ya kira. Ban yi tunani ba. Ka yafe ni."

"Haba, Koci." Ya girgiza kai, har da ɗan murmushi. "Ka san abin dariyar? A raina ina ta cewa baya, baya, baya. Har ka ce shirya ina faɗa. Ina jin tafin nan kawai sai na gan ni a ƙasa, ga takalmin mutumin a gaban hancina." Ya goge fuska da tawul. "Sarar dai ta yi, ko?"

"Ta yi."

"Ai na sani. Da a majigi ne da ka ba ni maki."

Odell ya so ya yi dariya, bai iya ba. Ya ji kunya, kunya sosai, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi. Da yaron ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Hoyt ya tare shi a baranda ya ja shi ofis, ya rufe ƙofa. Minti ashirin yana magana. Cewa wakilan nan ba su san ƙwallo ba. Cewa tsarin nan ya ciyar da garin nan shekara talatin. Cewa ba a gina makaranta don mutum ɗaya cikin ɗari da zai je wurin ƙwararru. Duk gaskiya ne, kuma duk Odell ya sha ji.

"Yanzu dai matar," in ji Hoyt a ƙarshe. "Ta ga abin da ya faru. Je ka gyara kafin ta shiga mota."

Odell ya fito ya nufi wurin ajiye motoci, yana jan ƙafa. A tsakanin ofis da ƙofa ya yanke shawara. Zai faɗa mata. Zai ce, Madam, in ɗanki karatu yake so da cin wasa ranar Asabar, ki kawo shi, zan riƙe shi kamar nawa. In kuwa zaɓen Afrilu yake mafarki, ki kai shi wurin mai takardar nan. Ya jera kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita su sau biyu. In Hoyt ya ji, ya ji. Shekara sittin da ɗaya a duniya, me ya rage?

Da ya zagayo bayan ginin sai ya ga an riga shi. Quincy ne tsaye a jikin wata tsohuwar mota ruwan toka, yana goge mata garin fure daga gilashi da tawul ɗinsa. Madam Stallworth ta rungume jaka tana kallonsa.

"…ni ban san me suka gaya miki ba, Mama," yake cewa. "Amma ni nan na zo ban iya ɗaura ɗamarar wuya ba, yanzu ga ni da digiri. Mutumin nan ya je jana'izar kakata, awa uku a mota. Abin yau kuma ni na yi shi, ba wani ba." Ya juya tawul ɗin ya kama ɗaya gefen gilashin. "Kuma ba a gama ba ai. Akwai sauran wata guda. In yaro ya iya, ko ina yake za su nemo shi."

Odell ya tsaya cak. Yaron har dafa motar ya yi da tafin hannu, yadda shi ya dafa teburin ubansa.

Madam Stallworth ta hango shi. "Koci, ga ka. Ni na tsayar da shi, ba shi ya zo ba. Na ce in ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa." Ta gyara jakarta. "Na zauna da koci uku a falona, kowa da takardarsa. Ba wanda ya nuna mini yaron da abin ya ƙi. Yau na ga ɗaya, kuma ga shi yana goge mini gilashi, bai zagi kowa ba. In haka kuke mayar da su, Montrell zai zo. Shi dai burinsa a kira sunansa a talabijin, ba ya da wata magana sai ita. Amma tun da wannan ya ce ana nemowa, to."

Ta miƙo hannu.

Kalmomin suna nan a bakinsa, a jere, yadda ya tsara su. Ya dubi hannun, ya dubi Quincy da ke kallonsa yana jiran ya ji an gaskata shi. In ya faɗa mata, ya faɗa wa yaron ke nan, a nan, a tsaye, kafin ma ya kira ubansa. Ya buɗe baki yana neman ta inda zai fara. Hannunsa bai jira shi ba, ya riga ya kama nata.

"Ba za ki yi da-na-sani ba, Madam," ya ji muryarsa ta ce, da ƙarfinta, da ɗuminta, yadda take fita a kowane ɗakin girki. "Za mu riƙe shi amana."

Ta shiga mota ta tayar. Suka tsaya su biyu suna kallo har ta fita ƙofa ta hau titi.

"Mun samu, Koci," in ji Quincy. "Na taya ka ɗaya."

"Ka taya ni."

Odell bai ci abincin rana ba. Ya zauna a motarsa, gilashi a rufe, har ƙarfe uku da rabi, lokacin atisayen bazara. 'Yan layi goma sha huɗu suka taru a kusurwarsu ta fili, waɗanda za su buga kakar bana. Ba wanda ya yi maganar safe, amma kowa ita ce a fuskarsa. Hoyt ya hau hasumiyarsa ta katako a tsakiyar fili da lasifika a hannu. Can gefe Quincy yana zaune a kan matashin da aka yar, cikin kayan gida, wayarsa a hannu. Ya yi magana da uban, idonsa ya nuna.

Minti goman farko na sara ne. Haka yake a takardar atisaye tun kafin a haifi yaran nan. Suka jeru da kansu, suka dasa yatsu a ƙasa, suna jiran kira.

"Ku miƙe," in ji Odell.

Suka dubi juna, suka miƙe.

"Boatwright, zo."

Quincy ya taso a hankali.

"Takun nan na Atlanta. Ni ban iya ba, ba a taɓa koya mini ba, kuma ko na iya gwiwar nan ba za ta yarda ba. Kai kaɗai ka iya shi a filin nan. Nuna musu."

"Yanzu, Koci? Ai lokacin sara ne."

"Na san lokacin mene ne."

Daga hasumiya lasifika ta yi ƙara. "Odell! Me ake yi a can? Taron coci?" Odell bai waiwaya ba.

Quincy ya ajiye wayar a ciyawa. Ya sunkuya, ya dasa yatsunsa, ya ɗan karkato kai dama yana jira, wajen taku biyu bayan kafaɗarsa. Odell ya girgiza kai. Ya matsa gefe, ya nuna wani ɗan aji biyu da yatsa, ya tura hannuwansa biyu cikin aljihu.

Yaron ya yi gyaran murya ya kira, siririyar murya ba ƙarfi. Quincy ya tashi da baya. Ɗaya, biyu, uku, ƙirji a miƙe, ƙugu a ƙasa, hannuwa suka fita daidai lokacin da ya kamata. Babu abin gyara a ciki ko ɗaya.

Odell ya ɗaga ido ya dubi bencina. Ba kowa, sai jaridar da matar ta zauna a kai da ɓawon gyaɗa a layi na uku. Lasifika ta sake kiran sunansa. Ya zaro hannu ɗaya daga aljihu, ya juya yatsa a iska alamar a sake, bakinsa a rufe.